Ƙasusuwa Biyar a Tsaye

Aikin Yaya a shagon mahaifinsa kashi biyu ne: da safe ya ƙera, da yamma ya karya. Shi ya sa ma'aikatan shagon suke kiransa Mai Karyawa a bayan idonsa, wani lokacin ma a gabansa idan sun ga fuskarsa a sake, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ƙafafun roba ake yi a shagon. Idan aka kawo mutumin da ya rasa ƙafa, Baba ne ke auna dungun, ya yi zubinsa da filasta. Daga nan sai zubin ya wuce ɗakin baya, ɗakin gam, inda Yaya ya shekara goma sha tara. Zai lulluɓa wa zubin yadin gilashi, ya shafe da gam, ya ƙara wani yadin, ya sake shafewa, hawa bisa hawa, har ya zama kofi, wato mazaunin da dungu ke shiga ya zauna. Yadin gilashi ba shi da mutunci. Ƙurarsa kan shige fata ta yi ta cizo har washegari, kuma tuni matar Yaya ta daina haɗa wankin kayansa da na yara.

Da yamma kuma sai ya koma gaban injin gwaji, wani tsohon ƙarfe mai haƙora sama da ƙasa. Duk kayan da za a yi ƙafa da shi sai an yanko samfurinsa, ɗan siriri a tsakiya mai faɗi a kai da gindi, wanda a shagon ake ce wa ƙashi. Yaya zai maƙala ƙashin a haƙoran, injin ya yi ta ja har ya tsinke, shi kuma ya rubuta nauyin da ya ɗauka kafin ya tsinke.

A duk shekarun nan Baba bai taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Yabon Baba shi ne ya ɗauki kofi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara a kunne, ya ce, "To," ya ajiye. Yaya ya daɗe da sa wa ransa cewa haka Allah ya yi tsohon, bakinsa nauyi gare shi. Ya zauna lafiya da wannan tunani har ranar da Auta ta dawo daga karatu, aka ga ashe bakin Baba lafiyarsa ƙalau.

Shekara goma sha ɗaya ya ba Auta. Shi ya riƙa ɗaukar ta a wuya zuwa makaranta, shi ya koya mata ɗaurin igiyar takalmi. Ga ta yanzu da tabarau, da ƙaton akwatin katako da mutum huɗu suka sauke daga mota, Baba na zagaye su yana cewa, "A hankali, a hankali, kayan Injiniya ne." Aka share ɗakin gaba mai babbar taga. Shekara goma sha tara Yaya na roƙon a sa masa fankar da za ta zuƙe warin gam, ana ce masa a ƙara haƙuri. Zaren robar da Auta ta zo da shi kuwa ko baki bai buɗe ba aka kafa masa na'urar sanyaya ɗaki, wai ba ya son raɓa.

Abin da ke cikin akwatin injin buga kaya ne. Auta kan zana kofi a kwamfuta, injin ya ɗauki zaren roba da ke naɗe a faifai, ya narkar da shi, ya riƙa zuba shi siriri-siriri a kan faranti, zagaye bisa zagaye, har kofi ya tashi daga ƙasa zuwa sama ba tare da hannun kowa ya taɓa ba. Zaren kuma ba roba zalla ba ne. A cikinsa an cakuɗa gutsattsarin kabon, baƙaƙe, sun fi gashi siranta, su ne ke ba shi ƙarfi. Yawan cakuɗin da zafin narkarwar duk lissafin Auta ne, a kansu ta yi karatunta.

Duk wanda ya shigo shagon, ko da kuskuren ƙofa ya yi, sai Baba ya ja hannunsa ɗakin gaba.

"Zo ka ga aikin 'yata. Kwana shida muke yi a kan kofi ɗaya, ita wuni guda. Ba wari, ba ƙaiƙayi. Injiniya, gaya masa batun gashin nan."

Daga ɗakin gam ana jin komai, domin bangon katako ne. Yaya ya haddace bayanin har yakan riga ta a zuci. Kishi ne ke cin sa, ba wani abu ba, irin wanda kan sa mutum ya ji dariyar ƙanwarsa ya rasa inda zai sa kansa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne Auta ba ta ba shi ƙofar jin haushinta ba. Kullum sai ta leƙo ta gaishe shi har da rusunawa. Ta zaunar da shi ta koya masa sarrafa injin, tana cewa, "Yaya, hannunka ya fi nawa, cikin sati za ka wuce ni." Da ta yi masa girman kai da ya ji sauƙi.

Matarsa ce kaɗai ba ta rufa masa asiri. Wata rana ya dawo gida ya zauna yana tsakurar abinci, yana bayani a kan cewa roba roba ce ko da an zuba mata gashin wane ne.

"Baban yara," ta ce, "yau kwana nawa ke nan muna cin abinci da zancen Auta? Ni har na fara jin ɗanɗanonta a miya."

"Aiki nake magana."

"Kishi kake yi."

"Ni? Da yarinyar da na share wa majina?"

"Ai shi ya sa ya fi zafi," ta ce, ta ɗauke kwanon tunda ba ci yake ba.

Ana haka, wata safiyar Alhamis, Baba ya tara su biyu a ofishinsa. Ya ce mutanen asibiti za su zo nan da sati biyu su ga gwaji da idonsu. Takardarsu ta ce sai ƙashi ya ɗauki kilo ɗari uku kafin ya tsinke. Idan kayan Auta suka wuce haka, asibitin zai riƙa karɓar ƙafafun injin, kuma ragamar shagon za ta koma ɗakin gaba.

"Ɗakin gam sai mu rufe," in ji Baba. Ya juya ga Yaya, fuskarsa cike da alheri, kamar mai ba da kyauta. "Kai ma ka huta da ƙaiƙayi. Sai ka riƙa yi mata gwaji."

Yi mata. Yaya ya ce, "To, Baba," ya fita, kalmomin nan biyu na biye da shi.

A ranar ne ya tsinci abin. Ya je zubar da shara, sai ya ga a cikin kwandon wani dogon guntu da injin ya fara bugawa a tsaye, wuta ta ɗauke, aka yar. Ya ɗauka ne kawai don hannunsa na neman abin da zai huce a kai. Ya lanƙwasa. Sai ji ya yi ƙas, abu ya rabu biyu, ba gardama, bakin karayar sumul kamar an yanka da wuƙa.

Ya tsaya yana juya guntayen. Ƙasusuwan Auta da ya saba gwadawa ba haka suke karyewa ba, sai sun wahalar da injin, su kai kilo ɗari huɗu, su tsinke da baki kaca-kaca. Amma waɗancan a kwance ake buga su a kan faranti, haka takardar ƙa'ida ta zana, haka kowa ke yi. A kwance, layukan zaren na bin tsawon ƙashin, gutsattsarin kabon ma duk sun miƙe ta nan, idan aka ja sai su taru su riƙe. A tsaye kuwa layukan a jere suke ɗaya kan ɗaya, babu gashi ko ɗaya da ya tsallaka daga wannan hawa zuwa wancan. Ba abin da ke riƙe su sai ɗan mannewar da suka yi suna da zafi. Ba a makaranta Yaya ya koyi wannan ba. Wanda ya shekara goma sha tara yana jera yadi bisa yadi ya san duk abu mai hawa-hawa daga tsakani yake rabuwa.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake: taku goma ne tsakaninsa da ɗakin gaba. Sai ya jefa guntayen a aljihu, ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun ranar da aka sauke akwatin nan.

Ranar Litinin ta satin gwajin aka kawo wani da ake kira Kafinta. Mutum ne mai fara'a, babur ya ci ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa, ya gaji da zaman gida yana so ya koma aikin rufi. Tunda lissafin Auta ya yi ta nuna ɗari huɗu, Baba ya yarda a ba shi ƙafar farko ta injin. Yaya ne ya durƙusa ya ɗaure kusoshi huɗun da ke haɗa kofin da sandar ƙafar, domin ɗaurin kusa aikinsa ne. Kafinta ya miƙe, ya taka, ya je bango ya dawo, ya fashe da dariya.

"Wallahi kamar ban sa komai ba! Ranki ya daɗe, Allah ya ƙara basira. Baba, ka haifi 'ya."

"Na gode wa Allah," in ji Baba.

Yaya na durƙushe da sukuddireba a hannu. Bai ga ƙafa ba, bai ga Kafinta ba. Kunnensa kawai ke aiki, shi ma ba abin da ya ɗauka sai "ka haifi 'ya", kamar tsohon bai taɓa haifar kowa ba kafin ita.

Ranar Laraba da hantsi Auta ta leƙo ɗakin gam da jaka a kafaɗa.

"Yaya, don Allah ka taimake ni. Zan raka Baba awon dungun wani mutum, sai yamma za mu dawo. Ƙasusuwan gobe guda goma ne, na jera su a kwamfuta. Danna kawai za ka yi."

"Ba komai. Je ki."

"Allah ya bar mana kai," ta ce, ta fice da sauri.

Ya shiga ɗakin gaba ya rufe ƙofa. Sanyin ɗakin ma haushi ya ba shi. A allon kwamfutar ga ƙasusuwa goma a kwance reras. Ya buga biyar yadda ta jera. Sauran biyar ɗin ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya tayar da su tsaye, kamar yadda ita da kanta ta koya masa juya zane. Bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya zauna a kujerarta yana kallon bakin injin na kai da kawowa, ƙasusuwan na tasowa kaɗan-kaɗan. Ya gaya wa kansa ai ba ƙarya ya yi ba, kayanta ne, injinta ne, zafinta ne. Sau uku ya gaya wa kansa haka, wanda yake da gaskiya kuwa sau ɗaya kan ishe shi.

Da suka huce ya jera su a tebur, sai ya ga matsala. Layukan na kwance tsawon ƙashi suke bi, na tsaye kuma a gicciye suke, ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ya ɗauko samfefa mai laushi ya bi goman duka, a natse, da irin ƙwarewar da ba wanda ya taɓa yaba masa ita, har suka zama baƙaƙe sumul kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya lanƙaya musu lamba, na kwance ɗaya zuwa biyar, na tsaye shida zuwa goma.

Da Auta ta dawo ta ɗaga ɗaya ta ce, "Kai, Yaya, har da kwalliya?" Ya ce ai baƙi za a yi.

Ranar Alhamis baƙin suka iso da ƙarfe goma: wata likita mai furfura a goshi, wadda ba ta ɓata kalma, da wani jami'i riƙe da fayil. Baba ya sa babbar rigarsa. Aka jera kujeru a gaban injin gwaji, ma'aikata suka tsaya a baya. Yaya ya maƙala ƙashi na ɗaya, ya murɗa.

Injin ya yi gurnani, lambobi suka yi ta hawa. Ɗari biyu, ɗari uku, Baba ya gyara zama. A ɗari huɗu da goma ƙashin ya tsinke da ƙara kamar an harba bindiga. Jami'in ya rubuta. Na biyu ɗari uku da casa'in da takwas. Na uku, na huɗu, na biyar, duk a nan suka tsaya. Baba har ya fara ba Likita labarin yadda Auta ke kwance rediyo tun tana shekara bakwai.

Yaya ya maƙala na shida.

Ƙas.

Ko gurnanin kirki injin bai yi ba. Jami'in ya ɗago kai. "Nawa?"

"Ɗari da huɗu," in ji Yaya.

"Wataƙila haƙoran ne suka zame," in ji Baba. "Sa wani."

Na bakwai casa'in da shida. Na takwas ɗari da goma sha ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar motoci a titi. Yaya ya saci kallon Auta. Murmushinta ya tafi, leɓenta na ƙasa na rawa kamar lokacin da take ƙarama idan za ta yi kuka. A faɗi gaskiya, daɗi ya ji. Daɗi sosai, har cikin ƙashinsa, kuma sai da ya sunkuyar da kai don kada a gani. Ya karya na tara da na goma a natse.

Likita ta rufe bironta.

Auta ta taso ta tsuguna ta ɗauki guntun na goma. Ta cire tabarau, ta kai shi kusa da ido, ta shafa bakin karayar da babban yatsa. Samfefa ta goge waje, amma ba ta shiga ciki ba.

"Wannan a tsaye aka buga shi," ta ce a hankali.

Ta ɗago ta dubi yayanta. Ya shirya wa wannan kallo, har ya tanadi amsa, zai ce kuskure ne, bai gama sanin injin ba. Amma idonta bai daɗe a kansa ba. Ya wuce shi ya sauka a kan kanta, inda sababbin kofuna uku ke jere suna jiran masu su. Sai ya ga tsoro ya rufe fuskarta.

"Innalillahi. Kofin ma a tsaye muke buga shi."

"Yi mana bayani," in ji Likita.

Auta ta miƙe. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ƙarfin kayan yana bin layin zare ne. Ta ce ta san yakan ragu idan aka ja a gicciye, an koya musu, amma ta ɗauka raguwar kaɗan ce, ba ta taɓa aunawa ba, domin takardar ƙa'ida a kwance ta ce a gwada. Ashe kabon ɗin da ta ƙara don ƙarfi shi ne ya hana hawa-hawan mannewa da kyau. Kofi kuwa dole a tsaye yake tashi, kuma duk takun da mutum ya yi, a gicciyen nan yake ɓamɓarar gindinsa.

"Lambobina duk daidai ne," ta ce, "sai dai ba abin da mutum zai taka na auna ba. Laifina ne. Yaya, don Allah ɗora kofi ɗaya mu gani."

Ya ɗauko kofi kamar wanda ake tuƙawa. Ya juya injin daga ja zuwa dannawa, ya kafa kofin a karkace yadda yake zama idan mutum ya sauke diddige. Bai kai ko'ina ba sai tsaga ta zagaye gindin, kofin ya rabu da mazaunin kusoshinsa, ya mirgina ƙasa har gaban takalmin jami'in.

"Akwai wanda ke sanye da irin wannan?" in ji Likita.

Kafin ta rufe baki Auta ta zaro waya. Kowa na jin ta.

"Sannu da aiki, ni ce. Kana ina? ... A saman ginin? Kada ka sauko. A'a, ka saurare ni, kada ka taka tsanin nan. Zauna a inda kake ka cire ƙafar. Yanzu, ina jinka. ... Ka cire? Alhamdulillahi. Ka sa abokan aikinka su sauko da kai, ga mota nan zan turo da tsohuwar sandarka."

Sai a lokacin Kafinta ya faɗo wa Yaya a rai. Kusoshi huɗu, da hannunsa. Sati biyu yana yawo da guntayen nan a aljihu, yana lissafin yadda fuskar Auta za ta koma, ko sau ɗaya bai haɗa su da ƙafar mutum ba.

Likita ta juyo gare shi. "Kai ka tsayar da su?"

"Ni ne."

"Wa ya ce ka yi?"

"Ba kowa."

Ta gyaɗa kai. "Na zagaya wurare da dama. Kowa abin da zai ci jarrabawa yake ɗora mana. Yau na ga wanda ya ɗora abin da zai faɗi." Ta juya ga Baba. "Ba za mu karɓi ko ɗaya yanzu ba. Ku gyara, nan da wata uku mu dawo. Kafin nan ku ci gaba da kawo na hannu. Kuma ko bayan an gyara, ba na son ƙafar da ba ta da sa hannun wannan bawan Allah."

Aka raka baƙi mota. Da Baba ya dawo sai ya tsaya a gaban Yaya, ya ɗora hannu a kafaɗarsa, a gaban ma'aikata duka. Hannun na rawa.

"Ka ceci rai, ka ceci sunan gidan nan. Ni da na haife ka ban san ka kai haka ba. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba."

"Ragamar shago tana hannunka. Ita ta ƙera, kai ka ce e ko a'a."

Abin da ya yi shekara goma sha tara yana jira ke nan, har da ƙari. Ya lallaɓa ya shige ɗakin gam ya zauna a kan benci, yana jiran daɗin ya zo.

Auta ce ta zo. Ta turo ƙofar ta rufe, ta jingina da ita. Idonta ya yi ja, guntun ƙashin na hannunta har yanzu.

"An sauko da shi lafiya," ta ce. "Ya ce tun jiya yake jin wani ɗan ƙas-ƙas idan ya taka, ya ɗauka sabunta ce."



"Yaya, tambaya ɗaya zan yi maka. Me ya sa ka goge su da samfefa?"



"Wanda ke son a gane bambanci ba ya goge bambanci," ta ce. "Zai rubuta a jiki, wannan a tsaye, wannan a kwance. Zai kira ni gefe tun jiya. Tun yaushe ka sani?"

Ƙarya ta zo bakinsa, ta ga ba wuri, ta koma. "Sati biyu."

Ta rufe ido. Ya ga tana lissafi, ya ga lokacin da lissafin ya kai ta ranar Litinin. Ya so ta yi ihu, ta zage shi, ta jefe shi da guntun. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Me na yi maka, Yaya?"

"Ba ki yi mini komai ba." "Abin ke nan. Ba ki yi komai ba, kika zo kika samu."

Ta share ido da bayan hannu, ta mayar da tabarau. "Ba zan gaya wa Baba ba. Kada ka ɗauka don kai ne. Ka ga hannunsa yadda yake rawa? Tsohon nan ya daɗe yana neman ranar da zai yi alfahari da kai a gaban mutane, bai san ta inda zai fara ba. Yau ya samu. Ba ni zan ƙwace masa ba." Ta ajiye guntun a kan bencin kusa da shi. "Gobe da safe ina son sababbin ƙasusuwa ashirin, a tsaye, zafi daban-daban. Kada ka goge ko ɗaya."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Daga ofis muryar Baba na tahowa, yana waya da ƙaninsa, da ƙarfi yadda tsofaffi ke yi.

"Babban nake gaya maka, ba Auta ba. E, shi. Shiru-shirun nan ashe tunani yake yi. Ba wanda ya sa shi, shi kaɗai ya zauna ya tuna da bayin Allah da za su taka ƙafar. Ka ga ƙanwarsa ce, amma bai duba wannan ba, kuma bai kunyata ta da baki ba, ya bar aiki ya yi magana. Irin zuciyar nan ba a makaranta ake samunta ba."

Yaya ya zauna yana saurare, ƙaiƙayin gilashi na cin wuyan hannunsa, bai ko sosa ba. Sai ya ji abin nan ya sake taso masa, mai zafin da ya saba, daga ciki zuwa maƙogwaro, har ya fi na kullum. Wannan karon ba da Auta yake kishi ba. Da mutumin da Baba ke kwatantawa ne, wanda da ya taka taku goma sati biyu da suka wuce, da shi ne.

"Ina yake?" Baba ya ɗaga murya. "Kai, zo ka gaisa da baffanka, yana so ya ji daga bakinka yadda aka yi ka gane."

Yaya ya miƙe, ya goge hannu a jikin rigarsa, ya nufi ofis.